Yadda Ake Auna Dogaron Yankunan Gaɓar Teku da Kamun Kifi, da Yadda Ake Karkasa Su

Tema ita ce babbar tashar kamun kifi a Gana, nan ne jiragen kamun tuna da manyan jirage masu jan taru suke sauke kayansu. Amma in kifi ya yi ƙaranci shekara uku a jere, Tema tana da tashar jiragen kaya, tana da matatar mai da masana'antu, garin zai ji a jikinsa amma ba zai durƙushe ba. Ƙauyen da ke da kwale-kwale arba'in a yammacin Axim kuwa, wanda kamunsa bai kai a lura da shi a ƙididdigar ƙasa ba, shi ne zai rasa kuɗin makaranta da na magani da abin sawa a tukunya duk a lokaci guda. Yawan kamu daban, dogaro daban. Tambayar da ake son amsawa ita ce: in aka cire kifi daga wannan yanki, me zai rage wa mutanensa? Duk matakan da ke ƙasa hanyar isa ga wannan amsa ce. Za mu ɗauki gaɓar Gana a matsayin babban misali, saboda tana da tsohon tsarin ƙidayar kwale-kwale da za a iya gina aiki a kansa, mu riƙa waiwayar Najeriya da Senegal inda ya dace.

Shata yankin da za a auna

Kafin a ƙirga komai, a yanke shawarar girman yankin, domin amsar da za a samu ta rataya a kan wannan zaɓi fiye da kowane. Gaɓar Gana tana da tsawon kimanin kilomita 550, ta ratsa jihohi huɗu: Yamma, Tsakiya, Babbar Akra da Volta. In aka auna a matakin jiha, masunta za su narke a cikin manoman koko da ma'aikatan ofis, kamar cokalin gishiri a randa. Chorkor da Jamestown unguwannin masunta ne tun kaka da kakanni, amma a lissafin birnin Akra ba za su nuna komai ba. Haka Makoko take a Legas, haka Guet Ndar take a Saint-Louis ta Senegal. In kuma aka sauko matakin ƙauye ɗaya-ɗaya, sai a rasa alƙaluman da za a kwatanta da su, domin hukumomin ƙididdiga ba kasafai suke fitar da bayanan aikin yi a wannan mataki ba.

Abin da ya fi aiki shi ne mataki biyu. Na farko gunduma a Gana, ko ƙaramar hukuma a Najeriya, domin nan ne ƙidayar jama'a take ba da yawan mutane da sana'o'insu, nan ne kuma ake tsara kasafi. Na biyu shi ne al'ummar kwata, wato wurin sauke kifi tare da unguwanni da ƙauyukan da suke ci daga gare shi. A haɗa ƙananan rukunan ƙidayar jama'a da ke kewaye da kowace kwata a mai da su yanki guda. Gana ta yi ƙidaya a 2021, don haka wannan mai yiwuwa ne a can. Ƙidayar Najeriya ta ƙarshe ta 2006 ce, ba za a jingina da ita kai tsaye ba, sai a yi sabon jerin gidaje a yankunan da aka zaɓa.

Akwai iyakoki biyu da dole a rubuta su a fili tun farko. Na ɗaya, ina teku ya tsaya? Tafkin Keta, bakin kogin Densu inda mata ke tsintar kawa, da dazuzzukan ruwa na Neja Delta inda ake tsintar katantanwa da ƙaguwa, duk shawararmu a sa su ciki, domin gida ɗaya ne ke cin moriyarsu tare da teku. Amma a ba su layinsu daban a takarda. Na biyu, mutum na wane yanki ne: inda yake sauke kifi ko inda iyalinsa suke? Masuntan Fante da Ewe da Ga suna bin kifi har Kwaddibuwa da Laberiya, Ilaje na jihar Ondo suna kaiwa Kamaru da Gabon. Kamun ana rubuta shi inda aka sauke, kuɗin kuwa gida yake komawa. Don auna dogaro, a bi mazaunin iyali, a kuma ajiye wurin sauka a wani shafi don lissafin kamu.

Ƙidayar kwata da kwale-kwale

Tushen aikin shi ne a taka kowace kwata da ƙafa a ƙirga abin da ke wurin. Gana ta daɗe tana yin irin wannan ƙidaya ta hannun sashen binciken kimiyya na hukumar kula da kamun kifi. Ta 2016 ta samu kwale-kwale sama da 11,500 da masunta sama da 107,000 a wuraren sauka kusan 300. In akwai irin wannan ƙidaya a hannu, a fara da ita, amma in ta haura shekara uku a sake tabbatar da ita a wasu kwatoci kafin a yarda.

A kowace kwata a rubuta yawan kwale-kwale bisa irin kayan kamu, domin ba ɗaya suke ba. Babban kwale-kwale mai tarun zobe da ake kira poli ko watsa yana ɗaukar mutum goma sha biyar zuwa ashirin ko fiye, na ƙugiya da na ƙaramin taru kuwa mutum kaɗan ne. Tarun da ake ja daga bakin gaɓa yana buƙatar taron jama'a, galibinsu ba ma'aikatan dindindin ba ne, ana sallamarsu da kifi. A rubuta mai inji da marar inji, da wanda ke aiki da wanda ya daɗe a kan yashi. Ranar da ta fi dacewa da ƙidaya ita ce ranar da ba a fita, wadda a yawancin gaɓar Gana Talata ce, domin ranar kwale-kwalen suna gida. Kada a fara kafin a gaida sarkin masunta na wurin da shugabar mata masu kifi. Su ne suka san wane jirgi na ɗan gari ne, wane na baƙo, kuma in ba da yardarsu ba babu wanda zai faɗi gaskiyar kamunsa.

Ba a iya auna duk kifin da aka sauke, sai dai a ɗauki samfuri a ninka. Lissafin da hukumar abinci ta duniya, FAO, ta yaɗa yana da sassa huɗu: yawan kwale-kwale, kason da ke fita a rana, ranakun aiki a wata, da matsakaicin kamun fita ɗaya. Mu ƙaddara don misali wata kwata tana da kwale-kwale 200 masu tarun zobe, kashi 60 cikin ɗari ke fita kullum, ranakun aiki 26 bayan cire Talatoci, matsakaicin kamu kilo 300. To 200 sau 0.6 ya ba da 120, sau 26 ya ba da fita 3,120, sau 300 ya ba da kilo 936,000, wato tan 936 a watan. Kurakurai biyu ne suka fi ɓata wannan lissafi. Ɗaya shi ne mai ɗaukar bayani ya tsallake jirgin da ya dawo hannu wofi, alhali sifirinsa na cikin matsakaici, tsallake shi kuma yana kumbura sakamako. Ɗayan shi ne ma'auni. A kwata ba a sayar da kifi da kilo, da daro da kwando da akwati ake ciniki, kuma daron wannan gari ba na wancan ba ne. A je da sikeli a auna aƙalla daro goma na kowane irin kifi a kowace kwata, a fitar da matsakaicin nauyi, a sake aunawa in lokaci ya canza, domin lokacin yalwa ana cika daro har ya yi tozo.

Ƙidayar mutane

Nan ne aka fi yin ɓarna, don haka nan ya kamata a fi daɗewa. Ƙidayar jama'a tana tambayar babbar sana'ar mutum a kwanaki bakwai da suka wuce. Wanda yake noma da kamun kifi sai a rubuta shi manomi. Matar da take sayen kifi a kwata, ta yi banda, ta kai kasuwa, sai a rubuta ta 'yar kasuwa, ko ma a ce matar gida ce in tandarta na bayan ɗaki. In kuma ranar ƙidayar ta faɗo lokacin da kifi ya yi ƙaranci, rabin masuntan suna wani aikin. A Gana babban lokacin kifin sardin daga Yuli zuwa Satumba ne, lokacin da ruwan sanyi na ƙasan teku ke tasowa, sai ƙaramin lokaci wajen Disamba zuwa Janairu. Ƙidayar watan Afrilu da ta watan Agusta za su ba da gunduma biyu daban a wuri ɗaya.

In ana haƙo alƙaluma daga bayanan hukumar ƙididdiga, a nemi su da lambobin rabe-raben sana'o'i na duniya. A tsarin ISIC na harkokin tattalin arziki, bugu na huɗu, 0311 kamun kifin teku ne, 0312 na ruwan daɗi, 1020 sarrafa kifi da adana shi. Masu sayar da kifi ba su da lambar kansu a wannan mataki, suna cikin 4630 na masu sarin abinci da 4781 na masu sayar da abinci a rumfunan kasuwa, don haka ba za a iya fitar da su daga ƙidaya kaɗai ba. A tsarin ISCO na ayyuka kuwa a duba 6222, masuntan gaɓa da na koguna, da 9216, leburorin kamun kifi, da 6340, masu kamu don ci. Wannan na ƙarshen sau da yawa ana mantawa da shi.

Saboda wannan giɓi, a yi ƙidayar kai tsaye a rukuni uku. Rukunin farko masu shiga ruwa: a ninka yawan kwale-kwale masu aiki da matsakaicin ma'aikatan kowane iri, a ƙara masu tsinta da ƙafa waɗanda ba su da jirgi ko kaɗan. Rukuni na biyu masu aiki bayan an sauke: masu banda, masu shanya, masu sa gishiri, masu soya, masu ɗauko, dillalai da masu sari. Hanya mafi sauƙi ta ƙirga masu banda ita ce a ƙirga tanda. Tandar Chorkor, wadda aka ƙirƙiro a 1969 a unguwar da ta ɗauki sunanta, ita ce ta fi yaɗuwa, ana jera faifan waya a kanta hawa-hawa. A ƙirga masu hayaƙi da waɗanda suka mutu, a tambayi mutum nawa ke aiki a kowace, har da 'ya'ya da ƙanne da ba a biyansu albashi. Rukuni na uku masu hidima: masu sassaƙa da gyaran kwale-kwale, makanikan inji, masu ɗinkin taru, masu sayar da mai da ƙanƙara da itace, direbobin da ke kai kifi kasuwa. A nan a sa wanda fiye da rabin cinikinsa daga masunta yake kawai. Makanikin da yake gyaran babura, injin jirgi kuma jefi-jefi, ba ya ciki.

Barin rukuni na biyu ba ƙaramin kuskure ba ne. Babban binciken da FAO da jami'ar Duke da cibiyar WorldFish suka fitar a 2023 ya nuna cewa cikin kowane mutum goma da ke cikin ƙaramar sana'ar kamun kifi a duniya, huɗu mata ne. A gaɓar Gana mata ne ke riƙe da banda da ciniki, da yawansu kuma su ne ke ba da kuɗin mai kafin fita, wasu ma su ne masu jiragen. Ma'aunin da ya ƙirga maza masu shiga ruwa kawai zai kai tallafi wurin da bai dace ba.

Daga nan a daidaita lokacin aiki. FAO tana kiran mutum cikakken masunci in kashi 90 ko fiye na lokacinsa ko abin rayuwarsa daga kifi ne, mai rabin lokaci in yana tsakanin 30 da 90, mai taɓawa jefi-jefi in bai kai 30 ba. Za a iya ba su nauyin 1 da 0.6 da 0.15. Mu ƙaddara gunduma mai ma'aikata 40,000, tana da cikakkun masunta 3,000, masu rabin lokaci 1,500, masu jefi-jefi 1,000. Wannan ya zama 3,000 da 900 da 150, jimla 4,050, kimanin kashi 10 cikin ɗari. In aka ƙara 2,800 na banda da ciniki da 350 na hidima, bayan an daidaita su haka nan, jimla ta koma 7,200, wato kashi 18. Gunduma ɗaya ce, amma kasonta ya kusan ninkawa. A lura cewa in an daidaita yawan masu aikin kifi da lokacin aiki, dole a daidaita jimlar ma'aikatan gundumar da irin wannan hanya, in ba haka ba kason zai fito ƙasa da gaskiya. In babu bayanin yin hakan, a kwatanta kai da kai, a kuma faɗi haka a rahoto.

Ana kuma raba kason gunduma da kason ƙasa baki ɗaya don a ga yadda sana'ar ta taru a wurin. In na gunduma 18 ne, na ƙasa kuma a ce 2, amsa 9 ce. Duk abin da ya haura 1 yana nufin yankin ya fi ƙasar karkata ga kifi. Wannan ma'auni yana da amfani wajen kwatanta gundumomin ƙasa ɗaya, amma ba ya kwatanta ƙasa da ƙasa, domin 9 a Najeriya da 9 a Senegal ba abu ɗaya ba ne.

Kuɗin da ke zama a yankin

Kuɗin da aka sayar da kifi a kwata ba shi ne kuɗin da yankin ya samu ba. Abin da ake nema shi ne ƙarin daraja, wato ciniki bayan an cire abin da aka saya daga waje don yin aikin. A misali, jirgi ya sayar da kifin sidi 10,000, kuɗin Gana. Mai ya ci 3,500, ƙanƙara da abin tarko 700, gyaran taru 500, gyaran inji 300. Ƙarin daraja 5,000 ne. Kason ma'aikatan jirgi ba a cire shi, domin yana cikin abin da ya zauna a hannun mutanen yankin. A yawancin kwatoci ba albashi ake biya ba, rabo ake yi bayan an fitar da kuɗin fita, wani kaso na jirgi da taru da inji, wani na ma'aikata. A tambayi tsarin rabon kowace kwata, kada a ɗauka ɗaya ne. A kuma sa wa kifin da ma'aikaci ke kai gida farashin kwata na ranar, domin shi ma samu ne.

A mataki na gaba a kiyayi ƙirga kifi sau biyu. Mai banda ta sayi kifin 5,000, itace 400, mota 300, kwando da takarda 100, ta sayar 7,000. Nata ƙarin darajar 1,200 ne, ba 7,000 ba. Wanda ya tara cinikin masunci da na mai banda da na dillali ya ƙirga kifi ɗaya sau uku.

Abubuwa uku suna murɗe wannan lissafi a Yammacin Afirka. Na farko tallafin mai. Gana tana ba masu kwale-kwale man da aka riga aka gauraya a kan farashi mai rangwame, ba kuma kullum yake isowa ba. A yi lissafin sau biyu, da farashin rangwame da na kasuwa. Tazarar da ke tsakani tana nuna yawan abin da ya rataya a kan gwamnati maimakon teku. Na biyu kifin da ba na tekun yankin ba. Gana da Najeriya suna shigo da kifin ƙanƙara mai yawa, kuma lokacin ƙaranci mata da yawa daga ɗakunan sanyi suke sayen abin da za su yi banda. A kasuwannin kudu kuma akwai kifin tafkin Volta daga Yeji, da bandar tafkin Chadi da fataken arewa ke saukowa da ita daga Baga zuwa Onica da Legas. Mai sayar da waɗannan ta dogara da kifi, amma rufe teku ba zai taɓa ta kamar yadda zai taɓa mai jiran kwale-kwale ba. A tambayi kowace mai banda asalin kifinta wata-wata. Na uku kifin da ba ya shiga takarda. Cinikin da ake kira saiko, inda manyan jirage ke sauke daskararren kifi a kwale-kwale a tsakiyar teku ba bisa doka ba, an ƙiyasta ya kai kimanin tan 100,000 a 2017, yana shigowa ta Elmina da Apam da Axim. Inda irin wannan ke gudana, kuɗin da ke yawo a gari ya fi abin da takardun kamu ke nunawa.

Sai abin da za a raba da shi. Ba a cika samun jimlar arzikin gunduma a rubuce ba, inda aka samu kuma tana iya ɓatarwa. A Bayelsa ko Ribas ɗanyen mai ya mamaye lissafin arzikin jiha, har kifi ya zama kamar babu shi, alhali kuɗin man ba ya shiga gidan masuncin da ke bakin ruwa. A irin wannan wuri a raba da jimlar samun gidaje, ba da jimlar arzikin jiha ba.

Abin da gida ke samu da abin da yake ci

Wannan sai da binciken gida-gida. Don kuskuren da bai wuce maki biyar sama ko ƙasa ba, ana buƙatar gida kusan 384 in zaɓin na kan-mai-uwa-da-wabi ne tsantsa. Da yake a aikace rukuni-rukuni ake zaɓa, a ninka, a ce rukuni 40 na gida 20. In kuɗi bai isa a yi wa kowace gunduma haka ba, a haɗa gundumomin da ke maƙwabtaka masu kama da juna. A zaɓi gidajen daga jerin duk gidajen yankin, ba daga jerin ƙungiyar masunta ba, in ba haka ba amsar ta riga ta fito tun ba a fara ba. A koma gida ɗaya sau huɗu a shekara, a tabbatar ziyara ɗaya ta faɗo lokacin yalwa, ɗaya lokacin ƙaranci.

A tambayi miji daban, mata daban. A garuruwan masunta da yawa aljihun miji da na mata ba ɗaya ba ne, har ma matar takan sayi kifin mijinta da kuɗinta, don haka maigida bai san cinikinta ba. Mutane ba sa son faɗin adadin kuɗi, amma in aka ba mutum tsakuwa ashirin aka ce ya raba su bisa hanyoyin samunsa na watanni uku da suka wuce, zai raba, kason da ake nema kuma ke nan. Daga nan a fitar da kason gidajen da fiye da rabin samunsu daga kifi yake. A ganinmu wannan lamba ta fi kowace faɗin gaskiyar dogaro.

Game da abinci, a tambayi abin da aka ci a kwanaki bakwai da suka wuce, a fitar da kason kifi a cikin furotin na dabba. A Gana baki ɗaya ana ƙiyasta shi a kusan kashi 60, don haka yawan cin kifi kaɗai ba ya bambanta gaɓa da birnin Kumasi da ke can cikin ƙasa. Abin da ke bambantawa shi ne asalin kifin: kamun gida ne, ladan jan taru ne, ko saye aka yi.

Sauran hanyoyin da suka rage

Gunduma biyu za su iya zama a kashi 18 amma haɗarinsu ya bambanta. A rubuta yawan gidajen da ke da gona, nisan gari mafi kusa mai aikin albashi, matakin karatun matasan da ke jiragen, da bashin da ke kan masu jirgi. A kuma auna ko kamun ya taru a kan kifi iri ɗaya, ta ma'aunin Herfindahl: a ninka kason kowane iri da kansa, a tara; iya girman amsar, iya taruwar kamun a kan iri ɗaya. In sardin 0.7 ne, wasu biyu 0.2 da 0.1, amsa 0.54 ce. In iri biyar ne daidai wa daida, 0.20 ce. Wannan yana da nauyi a Gana, inda sardin ya ragu ƙwarai, da kuma Senegal da Gambiya da Muritaniya, inda masana'antun garin kifi ke gasa da mata masu banda a kan irin wannan kifi.

Karkasawa

Babu iyakar da duniya ta amince da ita wadda daga ita ake cewa yanki ya dogara da kifi. Kaso biyar cikin ɗari babban abu ne a Turai, a gaɓar Gana kuwa tsaka-tsaki ne. Shawararmu ga gundumomin Yammacin Afirka, bisa kason aikin yi na rukunan nan uku: ƙasa da 2 dogaro kaɗan, 2 zuwa 10 matsakaici, 10 zuwa 25 babba, sama da 25 mai tsanani. A matakin al'ummar kwata a ɗaga iyakokin, domin a can kashi 50 ba abin mamaki ba ne. A sa iyakokin kafin a ga sakamako, a rubuta dalili, domin da zarar an san tallafi zai bi ajin, kowa zai so a matsar da layi.

Kada a narkar da komai a maki ɗaya a jera gundumomi daga na ɗaya zuwa na ƙarshe. Hukumar kula da teku ta Amurka, NOAA, tana raba abu biyu a ma'aunanta na garuruwan masunta: girman harkar a wurin, da girmanta in an raba da yawan jama'a. Wannan rabuwa ta dace da nan ma. A sa girma a gefe ɗaya, wato tan da kuɗi da yawan jirage, a sa dogaro a ɗaya gefen, sai wurare su faɗa gida huɗu. Masu girma da dogaro duka, irin Elmina, su ne duk wata doka kan taru ko lokacin kamu za ta fara girgizawa. Masu girma marasa dogaro, irin Tema, suna da nauyi wajen kula da yawan kifin teku, amma garin yana da madogara. Masu dogaro marasa girma su ne ƙananan ƙauyuka, su ne aka fi mantawa da su domin ba sa fitowa a jadawalin kamu. Na huɗun su ne marasa duka biyun. A kan wannan sai a ɗora alamar irin dogaron: na shiga ruwa ne, na banda da ciniki ne, ko na ci ne. A ƙara alamar ko akwai wata hanyar samu. Duk gundumar da ta fito a ƙaramin aji amma tana da unguwar masunta a cikinta, a yi mata alama ta musamman a taswira, a rubuta sunan unguwar.

In hukuma ta nace sai maki ɗaya, a mai da kowane ma'auni tsakanin sifiri da ɗaya, a ba su nauyi daidai, a buga lambobin asali kusa da makin. Kada a sa ma'aunai biyu masu faɗin abu ɗaya, kamar yawan jirage da yawan masunta, domin na biyun daga na farkon aka fitar da shi.

Kafin a fitar da taswira a gwada ƙarfinta. A matsar da kowace iyaka sama da ƙasa da kashi ɗaya cikin biyar, a canza nauyin masu rabin lokaci daga 0.6 zuwa 0.5 da 0.7, a ga gundumomin da suka sauya aji. Waɗannan a rubuta su a matsayin na kan iyaka. A yi amfani da matsakaicin shekara uku na kamu da kuɗi, domin shekara ɗaya ta yalwa ko ta ƙaranci tana iya juya komai. A kuma lura da tarko guda: in kason aikin kifi ya ragu a gunduma, ba lalle ne ta samu wata hanya ba. Yana iya zama kifin ne ya ƙare, ko malalar mai ta kashe ruwan kamar yadda ya faru a Bodo ta ƙasar Ogoni a 2008, mutane suka zauna ba aiki ko suka bar gari. A duba kason tare da yawan marasa aiki da yawan masu ƙaura kafin a sauke gunduma daga ajinta.

Gana ta samu wata damar gwaji da ba kowace ƙasa ta samu ba. Ta rufe teku ga masu kwale-kwale na wata guda a 2019, ta maimaita a watan Yulin 2021 da na 2022. A irin wannan wata a auna kuɗin shigar kasuwa da gunduma ke karɓa, yawan motocin da ke tashi daga tasha, cinikin masu shago da masu abinci, da yawan waɗanda suka kasa zubin adashi, a kwatanta da watan da ya gabata da kuma wata gundumar cikin ƙasa da ba ta da kwata. Inda taswira ta ce dogaro babba ne, waɗannan lambobi su faɗi sosai. In ba su faɗi ba, ko kuma suka faɗi a wurin da aka sa a ƙaramin aji, a koma ƙidayar rukuni na biyu da na uku na wannan gunduma a sake ta.